Fuskar da Tamsin Ta Kankare

"Ɗaga haɓarka kaɗan… a'a, ba haka ba. Tsaya in gyara maka da kaina."

Muryar Lavinia ce, a narke, tana fitowa ta ƙofar da aka bari rabi a buɗe.

Tamsin Kitto ta tsaya cak a matakalar ƙarshe. Da sassafe Lavinia, mai zanen nan da ta zo daga London, ta aiko mata da 'yar takarda, wai don Allah ta hawo benenta ta duba mata wani zane kafin ranar Litinin, tana buƙatar idon 'yar'uwarta mai zane. Ita kuwa Tamsin, sarauniyar yarda da mutane, ko shayinta ba ta shanye ba ta taho.

Ta tura ƙofar.

Denzil ne.

Denzil ɗinta! Masuncin da saura mako shida a ɗaura musu aure, zaune a kan kujera ƙarƙashin makekiyar taga, sanye da shuɗiyar rigar sanyin da ita Tamsin ta yi wata uku tana saƙa masa. Yatsun Lavinia Ashcombe biyu suna ƙarƙashin haɓarsa, kuma babu alamar suna da niyyar sauka.

"La! Har kin iso?" in ji Lavinia tana murmushi. "Shigo mana, ƙawata. Zo ki ga abin da muka yi mako shida muna yi ni da Denzil."

Denzil ya miƙe zumbur, kujerar ta kife.

"Tamsin… me ya kawo ki nan?"

Me ya kawo ta! Wai ita ake tambaya!

Idonta ya riga ya faɗa kan zanen da ke jingine a tsakiyar ɗakin. Fuskarsa ce tun daga kai har ƙirji. Gashin nan da iskar teku ba ta barinsa ya kwanta, tabon ƙugiyar kifi a gefen girarsa, har da wannan ɗan murmushin gefe guda da take zaton ita kaɗai ake yi wa shi a duniya. Abin takaicin ma, zanen ya yi kyau. Da bai yi ba, da ta samu abin rarrashin zuciyarta.

"Mako shida?" in ji Tamsin. "Ba kai ke ce mini kana zuwa gyaran jirgin kawunka ba?"

"Bari in yi miki bayani…"

"Kada ki ga laifinsa," Lavinia ta katse shi, tana goge buroshi a hankali. "Maza ba su iya sirri ba, amma shi ya yi ƙoƙari. Kuma ga haƙurin zama! Awa uku sai ya yi yana kallona ko ƙiftawa babu."

Tamsin ta dubi Denzil ido cikin ido.

"Maci amana," ta ce. A hankali ta faɗa, amma har cikin ransa ya ji ta. "Denzil Tregear, ashe kai maci amana ne."

Ta juya ta sauka a guje, tana jin sa yana ƙwala mata kira, Lavinia kuma tana cewa, "Ƙyale ta ta huce, zo mu ƙarasa."

Kowa a Polvenna, ɗan garin masuntan nan na bakin teku, ya san wahalar da Tamsin ta sha kafin ta kawo inda take. 'Yar mai ɗinkin taru ce, marainiya tun tana shekara sha huɗu. Masu zanen da ke zuwa daga London suna ɗaukar ta haya ta tsaya musu da kwandon kifi a ka, su zana ta. Su suna kallonta, ita kuwa tana kallon hannunsu. Da guntun fentin da suke zubarwa ta koya, a kan murfin akwatin kifi. Yau shekararta ashirin da huɗu, kuma bana ne karo na farko da za ta aika zane babban baje kolin London, inda in aka rataye aikin mutum sau ɗaya, to ya tashi daga 'yar kwando ya zama mai zane.

Kafin zanuka su tafi kuwa, sai an yi Ranar Buɗe Ƙofa. Litinin ta biyu a watan Maris, duk mai zane a garin yakan buɗe ɗakinsa, masunta da matansu su bi ɗaki-ɗaki suna kallo suna faɗar albarkacin bakinsu, da yamma a kulle zanukan a akwatuna, jirgin ƙasa ya kwashe.

Sai kuma maganar Gwaggo Keziah, mahaifiyar Denzil. Tabɗi! Shekara biyu matar nan tana rantsuwa cewa mace mai warin fenti ba za ta taka gidan Tregear ba. A ganinta masu zane mutanen banza ne da ba su san ranar Ubangiji ba. A garin nan ran Lahadi ko jirgi ɗaya ba ya fita teku, ko wanki ba a shanyawa, kuma an taɓa jefa kayan wani baƙo ɗan London cikin ruwa saboda ya kafa zane a bakin gaɓa ana cikin sujada. Da Denzil ya ƙi ci ya ƙi sha, tsohuwar ta sauko, amma da sharaɗi. Ta sa Tamsin ta dafa Littafi Mai Tsarki ta yi alkawari: hannunta ba zai taɓa buroshi ran Lahadi ba, har abada. Ranar da ta taɓa, babu aure.

Duk wannan bai zo wa Tamsin a rai ba lokacin da ta banko ƙofar ɗakinta, tsohon ɗakin tarun babanta mai taga guda kamar ta kurkuku.

Nata zanen yana nan yana jiran ta. Denzil a bakin gaɓa yana ɗinke taru, gari na wayewa a bayansa. Wata goma sha ɗaya ta yi a kansa. Fuskar ta bari ƙarshe, ranar Talatar nan ta gama ta, fentin ma bai gama bushewa ba.

Ya kalle ta daga cikin zanen da wannan murmushin.

Wannan dai murmushin da ta baro a benen Lavinia!

"Har da ita?" ta ce da zanen, hawaye na zuba. "Har da ita kake yi wa?"

Ba ta san lokacin da wuƙar gauraya fenti ta shiga hannunta ba. Daga idanun ta fara. Ja ɗaya, ja biyu, ja uku. Fentin ya biyo wuƙar kamar man shanu, ta share a jikin rigarta ta sake kaiwa. Kafin ta ja numfashi goma, aikin mako uku ya zama wani dabbare-dabbare mai launin toka a saman wuyan rigar sanyi.

A lokacin ne Denzil ya shigo yana haki.

"Tamsin, don girman Allah ki saurare ni, minti ɗaya kawai…"

"Koma ta ƙarasa gyara maka haɓar!"

"Ɗakin nake nema miki!" ya ce da ƙarfi. "Benen! Benen da take ciki!"

Ta juyo ta dube shi.

"Za ta koma London a watan gobe. Ta ce in na zauna mata ta zana ni, za ta sa mai gidan ya ba mu benen, ba wani ba. Shekara nawa kina cewa da kina da taga mai kallon arewa, wadda haskenta ba ya sauyawa daga safe zuwa yamma? Na gaji da ganin ki kina runtse ido a cikin ramin nan. Kyautar aurenki na so ya zama. Ita ta ce in ɓoye miki don ki fi murna. Kina zaton daɗi nake ji? Ni da ko wajen aski ba na iya zama…"

Maganar ta mutu a bakinsa. Idonsa ya sauka kan zanen.

Ya matso kusa da shi.

"Wannan fa?"

"Denzil… masoyina…"

"Da wuƙa, Tamsin?"

"Raina ne ya ɓaci. Na ga hannunta a fuskarka, na ga…"

"Wata goma sha ɗaya ina zama miki a cikin sanyi, yatsuna na ƙandarewa, abokaina na yi mini dariya. Ban taɓa cewa uffan ba, don ina ganin yadda kike kallona in kina zanawa. Na ɗauka wadda take mini irin wannan kallon za ta tambaye ni tukuna kafin ta yanke mini hukunci."

"Ka yafe mini…"

"A gaban baƙuwa kika kira ni maci amana."

Ya cire rigar sanyin a nitse, ya ninke ta, ya ajiye a kan kujerar da yake zama. Ya fita cikin iskar nan daga shi sai 'yar shara, bai ko buga ƙofar ba.

Tamsin ta durƙushe a wurin ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da ta ɗago, rana ta riga ta yi ƙasa, ɗan hasken tagar ya tafi, babu wani fenti da mutum zai iya gaurayawa. Gobe kuma Lahadi.

Washegari ba ta je coci ba. Da wane ido? Duk sun kumbura. Tana zaune tana jiyo waƙar sujada daga saman tudu sai ta ji an ƙwanƙwasa.

Lavinia ce, cikin doguwar riga mai wuyan gashi, ƙamshin turare na biye da ita.

"Wayyo, ƙawata! Na ji abin da ya faru, na kasa zama." Ta dubi zanen ta dafe ƙirji. "Kash! Amma kin yi ɓarna."

"Me kike nema a nan?"

"Taimako na kawo." Ta zaro ƙaramin akwati ta buɗe. Fenti ne na kanti, irin mai tsadar da Tamsin ba ta taɓa riƙewa ba, da sababbin buroshi uku. "Kin san fuskarsa ko da idonki a rufe. Awa biyar ta ishe ki. Kowa yana coci, daga can kuma su wuce cin abinci. Wa zai gan ki?"

"Yau Lahadi."

Lavinia ta yi 'yar dariya.

"Haba Tamsin, ke fa mai zane ce, ba matar fasto ba. Amma ke kika sani. In naki bai je ba, nawa zai je. Ki dai tuna, duk London za ta san fuskar Denzil ne ta hannuna. Za a rubuta sunana a ƙasan haɓarsa, mata su tsaya suna tambaya wane ne wannan, kuma mene ne tsakaninsa da Lavinia Ashcombe." Ta gyara safar hannunta. "Ni kuwa kin san ba na son yawan bayani. Murmushi kawai zan yi musu."

Ta fita ta bar akwatin a buɗe.

Kai! Kishi bai yi ba.

Tamsin ta miƙe tana zagaye ɗakin kamar wadda ta taka wuta. Sunanta a ƙasan haɓarsa! Matan London masu huluna suna nuna shi da yatsa! Ita da ta san adadin gashin girarsa, a ce wata ce za ta nuna wa duniya shi? Kuma gaskiyar Lavinia, awa biyar ta isa. Hasken yau ma kamar da gayya, fes, irin wanda ba a samu sau uku a watan Maris. In ta gyara, gobe babu wanda zai san abin da ta yi. Denzil zai shigo ya ga fuskarsa ta dawo, wataƙila zuciyarsa ta yi sanyi. Zanenta ya hau jirgi ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da na waccan, a ga wadda ta fi sanin sa.

Ta ɗauki buroshi ɗaya. Laushinsa kawai ya sa hawaye ya cika mata ido.

Ta ɗauki fenti ta fara murza murfin.

Sai ta lura da hannunta. Rawa yake yi, irin rawar da ya yi jiya lokacin da ya ɗauki wuƙa. Zafin da ke ƙirjinta ma shi ne dai na jiya, bai sauya ko kaɗan ba.

Ta mayar da murfin. Ta ajiye buroshin. Ta koma kan kujerar Denzil ta zauna, ta rungume rigar sanyinsa da hannu biyu ta ƙanƙame, don ba ta yarda da hannayen ba in ta bar su sake. Tana zaune tana kallon hasken nan mai kyau yana tafiya a banza a kan bango, tana kuka, tana jin London tana kuɓuce mata.

Wajen ƙarfe ɗaya aka turo ƙofar babu ko ƙwanƙwasawa.

Gwaggo Keziah ce, cikin baƙaƙen kayanta na coci, da littafin waƙoƙi a hammata. Mata biyu suna leƙe ta bayanta.

Ba ta gaishe ta ba. Kai tsaye ta nufi tebur, ta ɗauki buroshin nan ɗaya bayan ɗaya tana shafa bakinsu da babban yatsa, tana sunsunawa. Ta taɓa allon gauraya fenti. Ta je ta dangwala yatsa a inda fuskar take, ta duba. Sannan ta juya ga matan.

"Ku tafi gida, abincinku zai ƙone. Babu abin kallo."

Da suka tafi ta rufe ƙofar.

"Waccan mai ƙamshin ce ta tare ni a ƙofar coci," ta ce. "Wai abin ya dame ta, ta wuce ta jiyo warin fenti daga ɗakinki. Matar da tun da ta zo garin nan ba ta taɓa sanin hanyar coci ba, yau ita ce mai kishin ranar Ubangiji."

Tamsin ta runtse ido. Ashe tarko ne tun daga takardar jiya.

"Wannan kayan nata ne?"

"Nata ne, Gwaggo."

"Me ya hana ki? Tsorona?"

"A'a." Ta share hawaye da bayan hannu. "Na yi alkawari, amma ba zan yi miki ƙarya ba, na ɗauki buroshin har na riƙe. Sai na ji abin da ke ce mini in zana shi ne wanda ya ce mini in kankare jiya. Na gane muryarsa. Sau ɗaya ya cuce ni, na ce ba zai ƙara ba."

Tsohuwar ta juya ta dubi zanen.

"Kin san zanen nan ba zai je London ba ke nan."

"Na sani."

"Hmm." Ta gyara zaman littafin a hammatarta. "Ɗana tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Na yi masa burodin nama irin wanda yake so, ko kallo bai ishe shi ba. Kada ki zaci zan roƙar miki shi. Shekara biyu ina addu'a ku rabu, yanzu da kika raba da hannunki ba ni zan ɗinke ba."

"Ban ce ki roƙa ba, Gwaggo."

"Gobe fa? Za ki buɗe ƙofa?"

"Zan juya shi ya kalli bango, in ce ba ni da lafiya."

"Af, to. Zagi a gaban mutane, ban haƙuri a bayan ƙofa." Ta taɓe baki. "Haka 'yan zamani kuke yi."

Ta fita abinta. Tamsin ta bi ƙofar da kallo, maganar na yi mata yawo a ka.

Ranar Litinin ƙarfe tara, ƙofar Tamsin Kitto ce ta fara buɗewa a duk layin.

Ta jawo zanen har tsakiyar ɗaki inda haske zai same shi sosai. Ta sa rigarta mai kyau, ta tsaya a gefensa.

Mutanen Polvenna kuwa ba su iya ganin abu su yi shiru ba.

"Kai! Wane wanzami ne ya yi wa Denzil wannan askin?" in ji wani tsohon masunci yana cire lofe daga baki.

"Ai ya fi kyau a haka, ni dai na ce a bar shi!"

"Tarun dai ya fito, har ƙullin. Yarinyar ta san taru."

"Tamsin, sabon salon London ne, ko kuwa faɗa aka yi?"

Dariya ta cika ɗakin. Fuskarta ta yi zafi kamar ta nutse, amma duk wanda ya tambaya amsa ɗaya take bayarwa.

"Ni na kankare. Kishi ne ya sa ni."

Kafin sha ɗaya labari ya zaga gari, ɗakin ya cika har waje. Ana cikin haka Lavinia ta kutso da wasu baƙi biyu 'yan London. Da ta ga fuskar tana nan yadda take jiya, murmushinta ya ɗan daskare, amma nan da nan ta gyara.

"Baiwar Allah," ta ce da baƙin, yadda kowa zai ji. "Tana da hannu, sai dai babu natsuwa. Kun san wanda ya taso da kwando a ka…"

"Ke, 'yar nan!"

Gwaggo Keziah ce daga bakin ƙofa. Mutane suka dare mata hanya. Akwatin fentin nan ta ɗauko daga kan tebur ta dangwara wa Lavinia a hannu.

"Ga kayanki da kika manta jiya, ranar Lahadi, kafin ki zo ki ce mini kin jiyo wari. Ko murfi ɗaya ba a buɗe ba, ki ƙirga. Na kuma biya wajen mai benenku da safen nan. Ya ce tun Kirsimeti kika ce masa kina nan har baɗi. To wane bene kika yi wa ɗana alkawari?"

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Lavinia ta dubi baƙinta, ta ja tsaki ta fice, mata na bin ta da ido har ta sha kwana.

A lokacin ne Tamsin ta gan shi.

Yana tsaye can baya, jingine da ƙofa, cikin tsohuwar rigar babansa. Ya rame a kwana biyu. Ba ta san tun yaushe yake wurin ba.

Mutane suka juya suna kallon sa.

"Denzil." Ta ɗaga murya. "Denzil Tregear, a gaban mutum ɗaya na kira ka maci amana. Ga garin nan duka, ina so su ji. Ƙarya na yi maka. Kai ba ka ci amanata ba, ni ce ban yarda da kai ba. Ga abin da na yi, ban ɓoye ba, ban gyara ba. In ka ce ka fasa, ba wanda zai ga laifinka…"

Kuka ya ci ƙarfinta.

Ya tako a hankali har gaban zanen. Ya dubi inda fuskarsa take da, ya dube ta.

"Jiya an yi haske mai kyau," ya ce.

"An yi."

"Tun daga coci nake kallon taga ina cewa yau za ta zana. Rabin zuciyata na so ki zana, don na san abin da London take a wurinki. Rabi kuma…" Ya girgiza kai. "Kin bar London saboda ni?"

"London tana nan baɗi. Kai ne ban sani ba ko kana nan."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Ni ma na yi wauta. Na yi miki ƙarya mako shida, na zauna wata tana taɓa mini fuska, wai ni mai dabara. Da ke na tarar a haka da wani, na rantse da sai an tsamo shi daga teku."

Aka fashe da dariya.

"Tamsin ɗina," ya ce ƙasa-ƙasa, "sanyi nake ji. Ina rigata?"

Ta ɗauko ta da gudu. A gaban kowa ya sa, ya kamo hannunta ya riƙe gam. Tsohon masuncin nan ya buga lofe a tebur yana cewa a ba su wuri, Gwaggo Keziah kuwa ta juya baya tana fyace hanci, wai warin fenti ne ke damun ta.

Da la'asar suna zaune su biyu a bakin ƙofa suka jiyo kukan jirgin ƙasa yana barin tasha. Zanuka arba'in da wani abu ya kwashe, har da na Lavinia. Nata yana bayansu a jingine.

Hawaye ya gangaro mata. Denzil ya share mata da babban yatsa.

"London kike wa kuka?"

"A'a."

"To mene ne?"

Ta harare shi.

"Fuskarka tana cikin jirgin can. Gobe war haka matan London suna nan suna ƙare maka kallo."

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wai har yanzu?"

"Har gobe ma! Ce maka aka yi na warke? Wuƙar kawai na ajiye."

Bayan bikin Ista aka ɗaura aure, Gwaggo Keziah da kanta ta toya burodin biki. Da shekara ta zagayo Tamsin ta aika sabon zane, aka rataye shi, aka kuma saye shi tun ranar farko. Shekara arba'in ta yi tana zana teku da masunta da matan Polvenna, har manyan gidajen ajiye zane suka riƙa neman aikinta, kuma ba ta taɓa ɗaga buroshi ran Lahadi ba. Denzil da hannunsa ya fasa bangon arewa na ɗakin tarun ya sa mata taga.

Sun tsufa tare. Wata rana wata ɗaliba 'yar shekara sha tara, cikin masu zuwa koyon aiki wurinta, ta ga tsoho Denzil zaune a rana yana gyangyaɗi, babu haƙori, babu gashi, ta ce cikin ladabi ko Malama za ta yarda ta ɗan zana Baba.

Tamsin ta sauke tabarau ta dube ta sama da ƙasa.

"'Yata, ga teku can, ga jirage, ga tsuntsaye, duk na bar miki. Wannan tsohon dai da mai shi."